Kwamfutar gida a Arlit da Assamakka: matsalolin yau da kullum da ma'anar Mo, Go da To

Kwamfuta ta daɗe da fita daga ofisoshin kamfanonin uranium ta shiga gidajen jama'a a Arlit da Akokan. Malamin makaranta yana shirya jarrabawa a kanta, ɗan kasuwa yana ajiye lissafin kaya da na bashi, mai shagon buga takardu kuwa da ita yake cin abinci. Haka abin yake a Assamakka, garin kan iyaka da Aljeriya, inda ma'aikata da masu fatauci ke yawo da ƙananan kwamfutoci a cikin jaka. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso nan.

Idan kwamfuta ta tsaya a wannan yanki, mai gyara ba ya kusa. Daga Assamakka zuwa Arlit tafiya ce ta wajen kilomita 200 cikin hamada, daga Arlit zuwa Agadas kuma wajen kilomita 240. Amma mafi yawan matsalolin da ake kai wa masu gyara suna da tushe guda huɗu: zafi, ƙura, rashin tsayuwar kuran, da cikar wurin ajiya. Duk wanda ya san yadda ake duba su ɗaya bayan ɗaya zai warware da yawa a gida. Abin da ya fi na'urar tsada shi ne abin da ke cikinta, domin ana sayen sabuwar kwamfuta, amma ba a sayen lissafin shekara biyar da ya ɓace. Shi ya sa ya kamata a fara da fahimtar ma'aunin ajiya.

Ma'aunin bayanai: daga bit zuwa To

Duk abin da ke cikin kwamfuta, rubutu ne ko hoto ko murya, ana ajiye shi da alamomi biyu kacal, 0 da 1. Kowace alama ɗaya ita ce bit. Idan aka haɗa bit 8 sun zama octet ɗaya, wanda masu Ingilishi ke kira byte, kalmar da injiniya Werner Buchholz na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a 1956. Harafi kamar a ko b yana cin octet ɗaya. Haruffan Hausa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowanne yana cin octet biyu a tsarin rubutun da intanet ke amfani da shi yau, daidai da é na Faransanci.

Daga octet ake hawa mataki-mataki, kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi sau dubu:

Ko, kilo-octet: octet 1000. Shafi ɗaya na rubutu zalla yana cin Ko 2 zuwa 3.
Mo, mega-octet: Ko 1000. Hoton wayar salula yakan ci Mo 2 zuwa 5. Karatu ko waƙa ta MP3 tana cin kusan Mo ɗaya a kowane minti.
Go, giga-octet: Mo 1000. Fim ɗaya yakan kama daga Mo 700 zuwa Go 2, gwargwadon kyan hotonsa.
To, tera-octet: Go 1000. Da shi ake auna manyan faifan ajiya.

A Nijar an saba ganin Ko, Mo, Go da To saboda Faransanci. Waya ko kwamfutar da ta fito daga Najeriya, ko wadda aka saita da Ingilishi, za ta rubuta KB, MB, GB da TB. Ma'auni ɗaya ne, suna ne ya bambanta: Go 8 da GB 8 duk ɗaya suke.

Don a ga yadda abin ya bunƙasa: faifan ajiya na farko da IBM ya fitar a 1956 yana ɗaukar haruffa kusan miliyan 5 ne, abin da bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba. Ƙaramin disket ɗin da aka yi amfani da shi a ofisoshi a shekarun 1990 yana ɗaukar Mo 1.44, faifan CD Mo 700, na DVD kuma Go 4.7.

Dalilin da ya sa Go 500 ke komawa 465

Sau da yawa mutum ya sayi faifai an rubuta Go 500 a kwalinsa, ya jona shi, Windows ta nuna Go 465. Ba a cuce shi ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuwa tana ƙirga da 1024, domin lissafin kwamfuta yana tafiya ne da ninkin biyu. A wajen mai ƙerawa Go ɗaya octet 1,000,000,000 ne, a wajen Windows kuma octet 1,073,741,824. Saboda haka faifan To ɗaya ke bayyana a matsayin Go 931, kile USB mai Go 32 ta nuna abin da bai wuce 29.8 ba, mai Go 16 kuma 14.9 ko ƙasa kaɗan. A 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunan lantarki ta duniya ta fitar da sunaye na daban don ƙirgen 1024, wato Kio, Mio da Gio, amma Windows ba ta ɗauke su ba. Kwamfutocin Apple sun koma ƙirgen dubu-dubu tun 2009.

Ragin da ke tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100 abu ne da aka saba. Cutar gaske tana wani wuri dabam. Akwai kile USB da kart memwar na jabu da aka yi wa dabara su riƙa nuna Go 64 ko 128 alhali ainihin cikinsu Go 4 ne ko 8. Suna karɓar duk abin da aka zuba musu ba tare da ƙorafi ba, amma da zarar an wuce ainihin girmansu, sabon abu yana taka tsohon, sai a wayi gari hotuna da takardu sun ƙi buɗewa. Arhar da ta wuce hankali ita ce alama ta farko. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a cika sabuwar kile da finafinai tun ba a saka mata abu mai muhimmanci ba, a cire ta, a mayar, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ƙaramar manhajar kyauta mai suna H2testw tana yin wannan aiki da kanta.

Mo da Mb ba ɗaya ba ne

Kamfanonin sadarwa irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms suna sayar da forfe da Mo ko Go, wato yawan abin da za a iya saukewa. Saurin intanet kuwa da bit ake auna shi, a rubuta Mb/s ko Mbit/s. Tun da octet ɗaya bit 8 ne, layin da ke gudun Mb/s 8 yana sauke Mo ɗaya ne kawai a daƙiƙa, kuma fayil mai Go ɗaya zai ci wajen minti 17. Wannan lissafi zai ƙara amfani yayin da layin fibar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya biyo ta Arlit da Assamakka zuwa iyakar Aljeriya: lambar saurin da za a tallata sai an raba ta gida 8 kafin a san abin da ke sauka.

Masu jona kwamfuta da intanet ɗin wayarsu sukan yi mamakin yadda forfe ke ƙarewa nan take. Galibi Windows ce ke sauke sabuntawa a ɓoye. Maganinsa shi ne a shiga Paramètres, sannan Réseau et Internet, a zaɓi layin Wi-Fi ɗin wayar, a kunna Connexion limitée.

RAM da faifai: tebur da sito

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu, duka ana auna su da Go, kuma a nan masu saye ke rikicewa. RAM kamar teburin mai shago ne: abin da ake aiki da shi yanzu kawai ke kansa, kuma da an kashe na'ura sai a share shi. Faifai, wanda ake kira diski dur, shi ne sito, inda kaya ke kwana. Idan mai sayarwa ya ce kwamfuta tana da Go 4 da Go 500, ƙaramar lambar ta RAM ce, babbar ta faifai. Share hotuna ba ya ƙara RAM, ƙara RAM kuma ba ya faɗaɗa faifai. Windows 11 tana neman aƙalla RAM Go 4 da wurin ajiya Go 64, amma aiki ya fi sauƙi da RAM Go 8.

Faifai ma iri biyu ne. Tsohon iri, HDD, yana da faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti da allura mai shawagi a kansa. Girgiza makashinsa ce. Duk wanda zai ɗora kwamfuta a mota a hanyar Assamakka zuwa Arlit ya kashe ta gaba ɗaya, kada ya rufe murfin kawai, kuma ya naɗe ta cikin tufafi. Sabon iri, SSD, ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri kuma ya fi jure wa tafiya. Sauya HDD da SSD shi ne gyaran da ya fi farfaɗo da tsohuwar kwamfuta.

Idan ta ƙi kunnuwa

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A gwada soket ɗin da wani abu, kamar fanka ko cajar waya. A duba ko ƙaramar fitilar cajar tana ci, a kuma lalubi igiyar inda ta saba lanƙwasa, domin a nan take tsinkewa daga ciki. Idan duk lafiya, a cire caja, a cire batir in mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a mayar da caja kaɗai a gwada.

Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ne, a haska shi da tocilan daga gefe. In ana hango hoto dishi-dishi, fitilar allon ce ta mutu, sauran na'urar lafiya lau. A kwamfutar tebur a duba igiyar da ta haɗa allo da akwatin. Ƙarar "tit-tit" mai maimaituwa lokacin kunnawa sau da yawa tana nuna sandar RAM ta motsa ko ƙura ta shiga mazauninta. Wanda ya saba zai iya cire ta bayan ya zare kuran, ya goge bakinta da busasshen ƙyalle, ya mayar har ta kama.

Zafi da ƙura

Masu ƙera ƙananan kwamfutoci galibi suna ba da iyakar digiri 35 ga ɗakin da ake aiki. A Arlit da Assamakka zafin rana yana wuce digiri 40 daga Mayu zuwa Yuli. Ga kuma ƙurar hamada da ta hunturu da ke taruwa a fanka da ramukan iska har ta zama kamar auduga. Alamomin sun haɗa da fanka mai ruri, ƙasan na'ura mai ƙuna, nauyin aiki bayan 'yan mintoci, da mutuwa farat ɗaya ba gargaɗi. Wannan mutuwar kariya ce: kwamfutar tana kashe kanta ne kafin ƙwaƙwalwarta ta ƙone.

Kada a ɗora ta a kan katifa, darduma ko cinya, domin suna toshe ramukan ƙasa. A sa ta a kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta. Aiki mai nauyi a bar shi sai safe ko dare. Idan an gama a rufe ta da ƙyalle, amma sai ta huce. Ana share ramukan da burushi mai laushi ko famfon iska na hannu, na'ura a kashe, a kuma riƙe fankar kada ta yi ta juyawa. Idan ta shekara biyu ko uku ba a buɗe ta ba, ya dace mai gyara ya wanke cikinta ya sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da abin sanyaya ta.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai ko ya buɗe gefen na'ura haɗari ne na gobara. A daina caji nan take, kada a huda shi, kada a bar shi a rana ko cikin mota, a sauya shi.

Kuran

Wutar Arlit da Akokan tana zuwa ne daga tashar gawayi ta Sonichar da ke Anou Araren kusa da Tchirozérine, kuma ma'aunin ƙasar volt 220 ne. A ƙauyuka da zangon kan hanya mutane da yawa sun dogara da janareto ko hasken rana. Abin da ke kashe caja da akwatin wutar kwamfuta shi ne hawa da saukar ƙarfin kuran, musamman a daidai lokacin da ya dawo bayan ɗaukewa ko lokacin da ake tayar da janareto. Da kuran ya ɗauke a zare igiya, in ya dawo a jira 'yan mintoci kafin a mayar.

Regilater yana daidaita ƙarfin wuta amma ba ya riƙe ta. Ondiler yana da batir da ke ba da 'yan mintoci a adana aiki a kashe na'ura yadda ya kamata. Kwamfutar tebur ta fi bukatarsa, domin mutuwar farat ɗaya tana iya lalata fayil ɗin da ake rubutawa, wani lokaci har Windows ta kasa tashi. Wajen sayen sabuwar caja a karanta rubutun da ke jikin tsohuwar: volt ɗin da take fitarwa dole ya zo daidai, amfiya kuwa ya yi daidai ko ya ɗan fi.

Idan ta yi nauyi

A danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Yana nuna kashi nawa na ƙwaƙwalwa, RAM da faifai ake ci, da manhajar da ke cinye su. A sashen Démarrage ana hana manhajojin da ba a bukata tashi tare da Windows. Sannan a buɗe Ce PC a dubi faifan C. Idan sandarsa ta yi ja, sito ya cika. A kwashe finafinai zuwa wani faifai, a zubar da Corbeille, a duba dosiyen Téléchargements, a yi amfani da Nettoyage de disque. Ya kyautu a bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma babu komai. Manhajar kariya biyu a na'ura ɗaya suna faɗa da juna, ɗaya ta isa.

Kile USB da cutar raccourci

Cutar da ta fi yawo tsakanin shagunan buga takardu da gidaje ita ce wadda ke mayar da dosiye su zama raccourci, masu 'yar kibiya a gindi. Fayilolin ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Kada a danna raccourci ɗin, domin danna shi ne ke shigar da cutar cikin kwamfuta, kuma kada a yi gaggawar goge kile ɗin gaba ɗaya. A fara bincikar ta da manhajar kariya. Sannan a buɗe Invite de commandes a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a danna Entrée, a sauya E da harafin da Windows ta ba kile ɗin. Dosiyen za su sake bayyana.

Wani lokaci kile mai Go 32 da babu komai a ciki tana ƙin karɓar fim mai Go 5. Dalili shi ne tsarin FAT32 da take zuwa da shi ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai Go 4. Sai a kwashe abin da ke ciki, a sake tsara ta da exFAT.

Ƙananan matsaloli masu saurin magani

Idan an danna A sai Q ta fito, madannan sun sauya tsakanin tsarin Faransanci, AZERTY, da na Ingilishi, QWERTY. Maɓallin Windows tare da Espace, ko Alt tare da Maj, yana mayar da su. Idan kwanan wata yana komawa shekarun baya duk lokacin da aka kunna, kuma shafukan intanet suna ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro, ƙaramin batirin agogo mai lamba CR2032 ne ya ƙare. Na'urar da ta daskare ba ta amsa komai ana kashe ta da danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10.

Akwai kuma batun tsufan Windows. Microsoft ya daina sabunta tsaron Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urorin suna ci gaba da aiki, amma sababbin ramukan da ɓarayin intanet ke ganowa ba a toshe su kamar da. Irin wannan kwamfuta ta dace da rubutu da lissafi, amma a yi taka-tsantsan da ita wajen harkar banki.

Lokacin da ya kamata a tsaya

Wasu alamu ba na gyaran gida ba ne: ƙarar "ƙas-ƙas" daga faifai, warin ƙuna, ruwa ko shayi da ya zube a madannai, da shuɗin allo mai dawowa kullum. Faifai mai ƙara yana gab da mutuwa, kuma kowane kunnawa yana rage abin da za a iya cetowa. A kwafe mafi muhimmanci nan da nan, sannan a kashe. Idan ruwa ne, a kashe, a zare caja, a kifa na'urar, kada a gwada kunna ta. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure sau da yawa ana iya dawo da shi da manhaja irin su Recuva ko PhotoRec, muddin ba a zuba sabon abu a wurin ba.

Kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara a gaya masa a fili cewa kada ya goge faifai sai da izini, domin sake girka Windows ita ce hanya mafi sauri a wajen masu gyara da yawa, kuma tana iya tafiya da komai. A rubuta girman RAM da na faifai kafin a bayar, a duba su bayan an karɓa.

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan sanin ma'auni ke biya. A danna dama a kan dosiyen takardu da na hotuna, a zaɓi Propriétés, a ga nauyinsu. Mafi yawan mutane za su tarar takardun aikinsu gaba ɗaya ba su kai Go 2 ba, hotunan iyali kuma kile mai Go 32 ko 64 za ta ɗauke su. A riƙa kwafe su sau ɗaya a mako, a ajiye kwafi ɗaya a wani ɗaki ko wani gida, nesa da rana da kuma jakar da kwamfutar ke ciki. Takardun da ba su da madadi, kamar na haihuwa, na fili da na makaranta, a aika hotonsu zuwa akwatin imel, inda ƙura da kuran ba sa kaiwa.